Man hannun da na haɗa ya tsinke, ya kuma yi funfuna. Ina kuskuren yake?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu haɗa man shafawa ku taimaka min. Hannuna yana bushewa sosai, bayansa har tsagewa yake yi, shi ya sa na ce bari in haɗa nawa da kayan tsirrai zalla. Na narkar da man kaɗanya cokali huɗu, man kwakwa cokali biyu da ɗan kakin zuma, na fere ɗanyen alobera na kankaro ruwan cikinsa kusan rabin kofi, na zuba na buga da bilenda. Na fasa ƙwayar bitamin E biyu don kada ya lalace, na ɗiga man ɓawon lemun tsami don ƙamshi. Ranar farko fari tas, ga laushi. Kwana uku sai ga ruwa ya kwanta a ƙasan robar. Yau kwana goma sha ɗaya, na buɗe na ga ɗigo-ɗigo baƙi da kore a gefen murfi. Ina kuskuren yake? Kuma in na kwashe saman zan iya amfani da sauran?

Malama_Bilki:
Wa alaikumus salam. Maman Haidar, tun kafin a shiga dogon bayani: ki zubar da shi duka. Abin da kika gani a sama kan funfunar ne kawai, saiwarta ta riga ta ratsa ciki. Balle hannun da ya tsage, ƙofa ce a buɗe.

Dije_77:
Ni ma haka ya faru da ni sau biyu. Ina zaune ina jiran amsa.

Malam_Sani_Kemis:
Matsala biyu ce daban-daban, kada a cakuɗa su. Ta farko tsinkewa. Ruwa da mai ba sa zama wuri ɗaya da kansu. Bilenda tana farfasa su ne su zama ƙananan ɗigo, amma da an ajiye sai kowane ɗigo ya nemi ɗan uwansa. Abin da ke hana haka shi ne mahaɗi, wato sinadarin da gefensa ɗaya ke son ruwa, ɗaya gefen ke son mai, sai ya zagaye kowane ɗigo ya riƙe shi. Kakin zuma ba mahaɗi ba ne. Kauri yake sawa, shi ya sa haɗin ya tsaya miki kwana biyu kafin ruwan ya samu hanyar fita.

Ta biyu funfuna. Duk abin da ruwa ya shiga, ƙwayoyin cuta za su iya rayuwa a ciki. Ɗanyen alobera kuwa kusan duk ruwa ne, ga sukarin da suke ci a cikinsa. Bitamin E ba ya kashe ko ƙwayar cuta ɗaya. Aikinsa jinkirta lalacewar mai idan iska ta taɓa shi, kada ya yi warin tsohon mai da wuri. Mutane da yawa suna ɗaukarsa maganin hana ruɓewa, kuma nan ake faɗawa.

Hajiya_Talatu:
'Yata, ki sauƙaƙa wa kanki. Shekaru na yi ina haɗa man hannu ban taɓa sa masa ɗigon ruwa ba. Man kaɗanya kashi biyu, mai mai ruwa-ruwa kashi ɗaya, a narkar, a bari ya fara daskarewa, a buga. Yana yi min wata shida lafiya lau. Da na wanke hannu, kafin ya gama bushewa, nake shafawa, sai man ya rufe danshin a ciki. Ba na buƙatar wani sinadari.

Zainab_Nas:
Hajiya, gaskiya ne, amma ba kowa zai iya ba. Ni ina wanke hannu fiye da sau ashirin a wurin aiki. In na shafa zallan mai, biro ma zame min yake yi, safar hannu kuma ba ta shiga daɗi. Mai ruwa a ciki shi ne ke shigewa fata nan da nan. Na dare dai, irin naki ya fi, ban musa ba.

Abban_Nana:
Tambaya nake da ita. Maman Haidar ta ce kayan tsirrai zalla, amma kakin zuma ai ba tsiro ba ne, ƙudan zuma ne ke yinsa. Akwai madadinsa?

Malama_Bilki:
Akwai. Kakin kandelila daga wani tsiro na ƙasar Meziko, da kakin karnauba daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Burazil. Dukansu sun fi kakin zuma tauri. Na zuma yana narkewa wajen digiri 62 zuwa 64, karnauba sai ya haura 80. In za ka musanya da kandelila, ka fara da kusan rabin abin da za ka sa na zuma, in ba haka ba sai ka samu abu kamar kyandir.

Amma bari in koma ga mai tambaya. Ga yadda nake haɗa giram 100, kuma da sikeli nake auna komai, ba cokali ba, don cokalin man kaɗanya na yau ba daidai yake da na gobe ba.

Ɓangaren ruwa: tataccen ruwan da aka samu ta hanyar tururi giram 70, gilisarin giram 4, danƙon zantan (gari ne da ke sa ruwa kauri) giram 0.3. Ki fara dama zantan ɗin a cikin gilisarin kafin ki zuba ruwa, in ba haka ba gudaji zai yi. Ɓangaren mai: man kaɗanya giram 8, man sanfulawa giram 10, mahaɗi giram 5, setil alkohol (abu ne mai kama da kaki, ba barasa ba) giram 1.5 don kauri. Ni mahaɗin da nake sawa shi ne Olivem 1000, daga man zaitun ake samar da shi. Kowane ɓangare a nasa kwanon, a ɗora a cikin ruwan zafi har su kai digiri 70 zuwa 75 dukansu. Sai a haɗa, a buga da bilendar hannu minti biyu ko uku, sannan a ci gaba da juyawa a hankali har ya huce. Idan ya sauko ƙasa da digiri 40 sai a sa maganin hana lalacewa giram 1 da bitamin E giram 0.2.

Abu ɗaya da na daɗe ban gane ba: ruwa yana ƙafewa lokacin ɗumamawa. Ki auna kwanon ruwan kafin ki ɗora, ki sake aunawa bayan ya yi zafi, ki cike abin da ya ragu.

Ummu_Haidar:
Na gode ƙwarai Malama, Allah ya saka da alheri. Na zubar kamar yadda kika ce. Amma wannan maganin hana lalacewar shi ne ya tsaya min a rai. Ai guje wa sinadarai ne ya sa na fara haɗa nawa.

Maryam_Ganye:
Daidai abin da zan faɗa ke nan. In an sa wannan, me ya raba shi da na kanti? Ni ruwan 'ya'yan garehul nake sawa, wanda ake tatsa daga ƙwallon, kuma ina ajiyewa a firij.

Malam_Sani_Kemis:
Malama Maryam, wannan ruwan ƙwallon garehul ɗin an gwada shi a ɗakunan bincike. Samfuran da aka ga suna kashe ƙwayoyin cuta, an tarar da magungunan hana lalacewa na masana'anta a cikinsu, tsantsarsa kuwa ba a ga ya yi wani abin kirki ba. Firij kuma rage musu gudu yake yi, ba ya tsayar da su. In za ki yi ba tare da magani ba, ki yi ɗan kaɗan, ki ajiye a firij, ki ƙarar cikin 'yan kwanaki.

Game da batun sinadarai, gilisarin ma sinadari ne, ruwa ma haka. Akwai magungunan da asalinsu a tsirrai aka gano su. Sobik asid an fara fitar da shi ne daga 'ya'yan wata bishiya mai suna rowan a 1859, benzoyik asid kuma daga ƙaron bishiyar benzoyin. Gaskiya ne na kasuwa yanzu a masana'anta ake yin su, ba zan ɓoye ba, amma ƙa'idojin kayan kwalliya na halitta irin su COSMOS sun amince da su. Sai dai suna da sharaɗi: sodiyam benzowet da fotasiyam sobet, wato gishirin waɗannan asid ɗin biyu, ba sa aiki sai haɗin yana da ɗan tsami, ma'aunin pH wajen 5 ko ƙasa. In pH ɗinki 7 ne, wato ba tsami, kamar ba ki sa komai ba.

Maryam_Ganye:
Na ji bayanin, amma har yanzu ni dai ban gamsu a kira shi na tsirrai ba tunda masana'anta ce ta yi. Gara in bi hanyar Hajiya Talatu in bar ruwan gaba ɗaya.

Malam_Sani_Kemis:
Wannan hanya ce mai kyau, ban da ja a kanta. Abin da nake ja da shi kawai shi ne a sa ruwa a ƙi sa magani.

Fati_Daliba:
Ni aikin kammala karatuna a kan wannan nake yi, bari in faɗi yadda muke gwadawa, wataƙila ya yi wa wani amfani, don yawancinsu ana iya yi a gida.

Na farko pH. Muna dama giram 1 na man a cikin giram 9 na tataccen ruwa mu auna. Fatar mutum tana tsakanin 4.5 da 5.5, can muke nufa. In ya yi sama sai a ɗiga ruwan sitirik asid ɗigo ɗaya, a juya, a sake aunawa. Kada a yi gaggawa, saukowa yake yi farat ɗaya.

Na biyu juriya. Muna raba haɗin gida uku a ƙananan kwalabe masu haske. Ɗaya a ɗaki, ɗaya a wuri mai ɗumin digiri 40 zuwa 45, ɗaya kuma a firiza awa 24, a fito da shi ya narke awa 24, a maimaita sau uku. Haɗin da bai kamu da kyau ba a nan yake tona kansa, za ki ga mai ya taso ko ruwa ya kwanta. A makaranta muna da injin juyi, yana wulwula haɗin minti 30, juyi 3000 a kowane minti, shi kuma take yanke yake nunawa.

Akwai gwajin yaɗuwa: a sa rabin giram tsakanin gilasai biyu, a ɗora nauyi iri ɗaya na minti ɗaya, a auna faɗin da'irar da ya yi. Da shi nake kwatanta samfurina huɗu. Sannan in kina so ki san ko mai ne a cikin ruwa ko ruwa ne a cikin mai, ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa ki juya. In ya baje ya yi fari, mai ne a cikin ruwa. In ya dunƙule yana yawo, akasin haka ne.

Kullum ina rubuta kwanan wata, launi, ƙamshi da kauri a littafi. Malaminmu ya ce abin da ba a rubuta ba, ba a gwada ba.

Dije_77:
Fati Allah ya ba da sa'a. To funfunar fa, yaya ake gwada ta a gida?

Fati_Daliba:
Anti Dije, wannan kam ba a gida ba. Ido ba ya ganin bakteriya, man zai iya cika da su yana nan fari da ƙamshinsa. Gwajin gaskiya a ɗakin bincike ake yi, bisa ƙa'idar ISO 11930. Da gangan ake zuba ƙwayoyin cuta iri biyar a cikin man, bakteriya uku, yis ɗaya, funfuna ɗaya, a riƙa ƙirga su har kwana 28 a ga ko maganin ya ci ƙarfinsu. Duk mai niyyar sayarwa bai kamata ya tsallake wannan ba.

Rabi_Mai_Dinki:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Hajiya Talatu, irin naki nake yi, amma bayan sati biyu sai ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba yashi. Lalacewa ce?

Hajiya_Talatu:
Ba lalacewa ba ce Rabi. Kin bar shi ya huce a hankali ne, ko kuma ya narke a wuri mai zafi ya sake daskarewa. Ki sake narkar da shi sarai har kada ki ga ko ƙwaya ɗaya, ki sa kwanon a cikin ruwan ƙanƙara kina juyawa, ko ki tura firij. Saurin hucewa shi ne maganin.

Malam_Sani_Kemis:
Hajiya ta faɗi daidai. Man kaɗanya haɗin kitse ne iri-iri, mafi yawa sitiyarik da oleyik, kuma ba lokaci ɗaya suke daskarewa ba. In an ba su lokaci, masu taurin sai su taru su yi ƙwaya.

Zainab_Nas:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo a tambayar farko: man ɓawon lemun tsami. Wanda aka matse daga ɓawo ba tare da zafi ba yana da sinadarin da ke sa fata ta ƙone idan rana ta haska ta, ya bar tabo mai duhu da ke daɗewa. Bayan hannu kuwa kullum a rana yake. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta sa iyaka a kayan da ake bari a fata: man lemun tsamin Turai kashi 2 cikin 100, man bagamot (wani irin lemu) kashi 0.4 kacal. Hannun da ya riga ya tsage ni shawarata kada a sa masa ƙamshi ko kaɗan sai ya warke.

Haka kuma ɗanyen alobera, wannan ruwan rawaya da ke fita daga ƙarƙashin ɓawon yana sa wasu ƙaiƙayi.

Ummu_Haidar:
Innalillahi. Wallahi ban san wannan ba, kuma da safe nake shafawa in fita.

Abban_Nana:
Me ya sa Malama Bilki ta zaɓi sanfulawa? Ni na ɗauka man zaitun ya fi kowane mai.

Malama_Bilki:
Na daɗe ina sa zaitun, har yanzu ina sa shi a sabulu. Amma akwai binciken da aka yi a Jami'ar Shafil ta Ingila, aka wallafa a 2013. Manya ne suka riƙa shafa man zaitun da na sanfulawa tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu har sati huɗu. Zaitun ya raunana shingen fata har ya sa wasu ɗan ja, sanfulawa kuwa bai yi haka ba, ya ma ƙara danshi. Ana danganta abin da yawan oleyik asid a zaitun, shi kuma sanfulawa wani irin kitse mai suna linoleyik ne ya fi yawa a cikinsa. Ƙaramin bincike ne, amma ya isa ya sa na canza wa masu busasshen hannu. A lura, akwai sanfulawa da aka noma musamman don ya yi yawan oleyik, a duba takardar jikin kwalba. Kuma mai yawan linoleyik ya fi saurin yin wari, a nan ne bitamin E ke da amfani.

Kabiru_AZ:
Ni zaitun nake shafawa shekara da shekaru ban ga komai ba. Fata ai kowa da irin tasa.

Zainab_Nas:
Haka ne Malam Kabiru, shi ya sa ake gwaji a jiki. A shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu, safe da yamma, kwana bakwai zuwa goma. Gwajin dare ɗaya ba ya isa, don wani ƙin jinin fata sai bayan kwana biyu ko uku yake fitowa. In aka ga ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje, a wanke a daina.

Dije_77:
To yaya za a san yana sa danshin da gaske, ba santsi kawai ba?

Fati_Daliba:
Akwai na'ura mai suna Corneometer da ake ɗorawa a fata ta auna ruwan da ke saman fatar, da wata da ke auna ruwan da ke fita ta fata. Mu ba mu da su. Abin da na yi shi ne na ba masu gwaji su shafa a hannu ɗaya kawai sati biyu, ɗayan a bar shi, ina ɗaukar hoto a haske iri ɗaya. Ban gaya musu wane samfuri ne wane ba. Abin da ya ba ni mamaki, wanda na sa wa gilisarin kashi 8 cikin 100 ya fi rage kaushi a hoto, amma kusan kowa ya ƙi shi saboda danƙo. Mai kashi 4 suka zaɓa.

Malam_Sani_Kemis:
Wannan ya dace da yadda abin yake. Gilisarin janyo ruwa yake yi ya riƙe a saman fata, mai mai ruwa-ruwa yana cike tsakanin ɓawon fata ya sa laushi, man kaɗanya da kaki kuma su rufe kada ruwan ya tsere. Tafin hannu ba shi da ƙwayoyin da ke fitar da maiƙo sam, bayan hannu ma kaɗan ne, ga sabulu yana kwashe ɗan abin da ke akwai. Shi ya sa hanyar Hajiya ta shafawa a kan danshi take aiki: ruwan wankin ne ke zama ɓangaren ruwan, ba tare da ya kwana a kwalba ba.

Hajiya_Talatu:
To ka ga ashe ba mu saɓa ba, Malam.

Malama_Bilki:
Ƙari kaɗan ga duk wanda zai yi mai ruwa: a goge kwano, bilenda da kwalba da barasar goge-goge mai kashi 70 cikin 100 a bari su bushe. Kuma kwalba mai famfo ta fi roba mai faɗin baki, don duk sanda aka tsoma yatsa an kai baƙi ciki.

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan sati uku. Na yi iri biyu. Na Hajiya ba ruwa, da dare nake shafawa, tsagewar ta rufe Alhamdulillah. Na kuma samu sikeli da takardar pH na yi na Malama Bilki, giram 100, ba ƙamshi. Maganin da na samu haɗin benzowet da sobet ne, pH ya fara nuna 6, na sauko da shi 5. Kwalbar ɗaki tana nan yadda take. Wadda na sa a firiza ta wuce zagaye biyu lafiya, amma a na uku na ga ɗan mai ya taso a sama, siriri kamar zare. Ban sani ba ko bugun ne bai isa ba, ko ɓangaren ruwan bai kai zafin na man ba, don ma'aunin zafi ɗaya gare ni ina ta kai shi nan da can.

Maryam_Ganye:
Masha Allah. Ni dai ina nan kan maras ruwa.

Malama_Bilki:
Maman Haidar, da wace irin bilenda kika buga, ta hannu ko ta tulu? Kuma bayan kin haɗa, kin ci gaba da juyawa har ya huce ko kin ajiye shi? Ki faɗa min waɗannan biyun kafin ki taɓa yawan mahaɗin, kada ki canza abu biyu lokaci ɗaya ki rasa wanda ya gyara.